Kanikawan Funtua da Dawakin da Ke Cikin Injin Golf

Waɗanda suka ƙera Golf a Jamus lissafin mutum biyar suka yi mata da 'yan jakunkunan tafiya, a kan kwalta mai santsi, da fetur mai tsabta. A ƙasar Maska kuwa, da zarar kaka ta yi, sai ka ga motar nan ta fito daga kasuwar Dandume ko ta Bakori an kwantar da kujerun baya, an jera buhunan masara da waken suya har but ya ƙi rufuwa an ɗaure shi da igiya, ga fasinja biyu a gaba, wani sa'in har da na uku da ya raba kujera da direba. Da rani kwandunan tumatir take kwasowa daga Danja. Bayanta ya duƙa, hancinta ya ɗaga, amma haka za ta hau titin Zariya, ko ta miƙe Malumfashi ta wuce Yashe, ta kuma dawo kafin magariba. Mai kallo daga bakin titi direban yake yaba wa, ko ya ce Jamusawa sun iya ƙira. Ni kuwa wani na uku nake gani, wanda ba ya cikin motar: bakaniken da ya kwance injin nan ya ɗaure, ya sa ƙaramar mota tana jan abin da ya fi ƙarfinta, kuma ba ta cinye ribar lodin a gidan mai ba.

Ba abin mamaki ba ne a samu irin waɗannan hannuwa a Funtua. Garin mahaɗa ce tun da jirgin ƙasa na layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratso ta a ƙarshen shekarun 1920 don kwasar auduga da gyaɗa. Hanyar Sakkwato ta nan take bi, ta Katsina ta nan take rabuwa, ga kuma wadda ta yi Birnin Gwari. Inda motoci suke haɗuwa nan suke lalacewa, nan kuma ake koyon gyaransu. Manyan ogogin yanzu a kan Peugeot suka buɗe ido, 404 da 504, zamanin da masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta cika Arewa da su. Da sabuwar mota ta gagari talaka, sai 'yan Kwatano suka maye gurbi: Golf ta biyu wadda aka fara ƙerawa a 1983, da ta uku ta 1991, suna isowa bayan sun gama shekarunsu a Turai. Kayan gyara kuma ga Ƙofar Ruwa a Kano, ga Panteka a Kaduna. Sai dai abin da ya sauya maganar da ake yi a gareji shi ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta haura 1,000. A da direba kan shigo ya ce, "Oga, motar nan ba ta ja." Yanzu sai ya ƙara da cewa, "kuma shan manta ya ishe ni." Buƙata biyu ke nan a baki ɗaya, waɗanda mutane da yawa suke zaton ba sa haɗuwa.

Suna haɗuwa, kuma dalilin yana cikin yadda inji yake aiki. Inji iska yake ci fiye da mai. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar kilo 14.7 na iska, wato kowace lita guda sai ta samu iska wajen lita 9,000. Zuba mai ba wuya, famfo ne kawai. Shigar da iskar, da matse ta, da kunna mata wuta a daidai lokaci, da fitar da hayaƙin don sabuwa ta samu wuri, nan aikin yake, kuma haka yake tun da Nikolaus Otto ya fito da inji mai bugu huɗu a 1876. Bayan haka duka, abin da yake zama tafiya daga ƙarfin da ke cikin fetur bai fi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. To duk ɗan abin da bakanike ya ƙwato daga wannan asara, riba biyu ce: motar ta ƙara ja, direba kuma ba sai ya danne totur har ƙasa ba kafin ta hau tudu.

Kamfanin Volkswagen da kansa ya nuna hanyar. A cikin Golf ta uku akwai injuna biyu masu girma ɗaya, duka cc 1,781, duka bawul takwas. Mai lamba AAM ƙarfin doki 75 yake bayarwa, mai lamba ABS kuwa 90. Idan ka buɗe bonet da kyar za ka bambance su. Bambancin yana ciki: na farko yana matse iska ninki 9, na biyu ninki 10, kuma kamshaf ɗinsu, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, ba yanka ɗaya ba ne. Doki 15 daga ƙarfe guda. Gwanin bakanike lambar nan yake fara dubawa a jikin bulok, don ya san da wa yake magana.

Amma kafin a ƙara doki ko ɗaya, sai an nemo waɗanda suka ɓace. Motar da ta shekara talatin, ta sha ƙurar hunturu da baƙin mai na jabu, ba ta da 75 ɗin da aka rubuta mata. Don haka aikin farko awo ne. Za a cire fulogi huɗun, a ɗaura ma'aunin matsi a ramin kowanne, yaro ya danne totur ya murza makulli. Lafiyayyen inji mai ninki 10 yakan nuna matsin bar 10 zuwa 13; idan silinda ta sauko wajen 7.5, ta gaji. Sai oga ya ɗiga ɗan baƙin mai a silindar da ta gaza ya sake gwadawa. In allura ta tashi, ringi ne suka cinye, man ya toshe musu kafa na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, bawul ne yake yoyo, ko gasket. Minti goma ke nan sun raba tsakanin aikin da zai ci kuɗin fistin da ringi da wanda zai tsaya a tof silinda kawai. Bakaniken da ya ce a sauke inji tun bai yi wannan awo ba, ko dai bai sani ba, ko aljihun mai mota yake aunawa.

Wasa bawul shi ne wurin da na fi son tsayawa kallo. An kife tof a kan benci, an wanke shi da fetur har baƙin gawayin ya fita. Yaro ya lakato man wasa, mai ɗan yashi-yashi, ya shafa a leɓen bawul, ya zura shi a gurbinsa, ya manna masa sanda mai roba a baki, sai ya shiga murza ta tsakanin tafukan hannu kamar mai burga miyar kuka. Yana murzawa yana ɗagawa, ya ɗan juya, ya sake saukewa. Da farko ƙarar gurza ce mai kaushi. Sannu a hankali sai ta yi laushi, kuma da kunne ake sanin an kusa. Idan aka goge, ana so a ga zobe mai launin toka ya zagaye leɓen bawul ɗin ba yankewa, siriri, faɗinsa wajen milimita biyu. In ya yi faɗi da yawa bawul ba ya zama da ƙarfi. In ya sirance ainun ba ya iya miƙa zafinsa ga tof, sai ya ƙone. Bayan an mayar da sifirin, oga zai jingine tof ya tsiyaya fetur a cikin hanyar iska ya tsaya yana kallo. Fetur ba ya rufa asiri. Ko ɗan danshi ya bayyana a gefen bawul, sai ka ji, "Kai, sake na ukun nan." Yaron ya ce, "To, Oga," ya koma. Bawul takwas, wuni guda, kuma babu wanda zai taɓa ganin aikin da zarar an rufe inji.

Daga nan ake shiga ƙari na gaske. Hanya mafi sauƙi ta ƙara matsi ita ce a kai tof wurin mai injin yankan ƙarfe ya kankare fuskarsa, ɗakin da wuta ke tashi ya ƙara ƙanƙancewa. Lissafin ba ya da tsawo. Kowace silinda tana ɗaukar cc 445, kuma a inji mai ninki 9 abin da ya rage idan fistin ya kai ƙarshen hawansa wajen cc 56 ne. Kankare rabin milimita ba zai kai matsin ninki tara da rabi ba. Ko an kai shi 10 cif, abin da za a samu wajen kashi 3 ne cikin 100 na ƙarfi da na sauƙin mai. Kaɗan ne, amma kaɗan ɗin da ake samu a kowane bugu, daga safe har dare. Kamfani ya sa iyaka, kada tsayin tof ya gaza milimita 132.6, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayowa an riga an kankare su sau ɗaya ko biyu bayan sun yi zafi sun lanƙwashe. Shi ya sa gwani yake aunawa kafin ya aika. Ya kuma san wani abin da ake mantawa: da tof ya sauko, tazarar da ke tsakanin kamshaf da karanshaf ta ragu, bel ya ɗan sauya zama, bawul sun koma buɗewa a makare kaɗan. Wanda ya kankare da yawa bai kula da wannan ba, abin da ya samu ta ƙofa ya fita ta taga. Wajen rufewa ma akwai ƙa'ida: sabon gasket, a fara ɗaure kusoshi daga tsakiya ana fita waje, da sifana mai awo, 40, sannan 60, sannan kwata biyu na juyi. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" shi ke mayar da mota gareji bayan wata biyu.

Abin da ke hana a yi ta ƙara matsi shi ne fetur. Idan aka matse iska da mai fiye da yadda man zai jure, sai wani sashe ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, ka ji inji yana ƙis-ƙis-ƙis a kan hawa. Wannan ƙara tana fasa ringi, tana huda kan fistin. A Turai man da aka saba sha mai lamba 95 ne. Namu bai kai nan ba, balle wanda aka saya a galan a bakin hanya, da ba a rasa mai yi masa haɗi da kananzir. Tsofaffin injunan nan da yawa ba su da na'urar da ke jin ƙarar ta ja wuta baya da kanta, don haka kunnen bakanike ne na'urar. Akwai kuma hannun ƙasar kanta a ciki. Funtua tana kan tudu, wajen mita 700 sama da teku, iskar nan ta fi ta Legas sauƙi, inji yana rasa kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙarfinsa tun bai yi laifin komai ba. Zafin watan Afrilu ya zo ya ƙara ragewa, domin duk ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da wajen kashi 3. Tudun yana ba da ɗan sarari a ƙara matsi, zafin yana ƙwacewa. Tsakanin biyun ake tsayawa, kuma babu littafin Jamus da ya rubuta inda wurin yake.

Saitin wuta shi ne aikin da ba ya cin ko sisi na kaya, ya kuma fi kowanne nuna gwaninta. Mai ba ya ƙonewa nan take, yana ɗaukar ɗan lokaci, saboda haka dole fulogi ya yi tartsatsi kafin fistin ya kai ƙololuwa, yadda ƙarfin zai cika daidai lokacin da ya fara gangarowa. In wuta ta makara, ƙarfin ya bi fistin a baya, inji ya yi zafi, mai ya tafi a banza. In ta yi sammako, ƙis-ƙis ta zo. Littafi ya ce digiri 6 ga irin wannan Golf, kuma mai fitilar saiti daga nan yake farawa. Amma gamawar a kan titi take. Oga zai sassauta distiributa, ya sa a ɗora wa motar nauyi, su nemi hawa, ya ce da direba ya sa giya ta huɗu a ƙaramin gudu ya danne totur. Shi kuwa ya karkata kai, ya yi shiru. Bai ji komai ba, su tsaya ya ɗan murza gaba. Haka har sai ƙarar ta fara leƙowa, sannan ya koma baya kaɗan ya ɗaure. Wannan "kaɗan" ɗin ita ce shekara ashirin da ya yi a gareji, domin yana barin sarari saboda ranar da direba zai sha mummunan mai a ƙauye da tsakar rana.

Hanyar iska da ta hayaƙi ba sa buƙatar dogon bayani. Ana ɗora gasket a bakin hanyar, a zana inda ƙarfe ya yi tudu, a goge shi ya daidaita, a cire kaushin da zubi ya bari. Ba a faɗaɗa ramin ainun, ba a kuma goge na shigar iska ya yi ƙyalli, don mai yakan kwanta a jikin bango mai santsi. Matatar iska kuwa, masu cire ta wai don inji ya sha iska sun manta da hunturu. Ƙurar wata uku ta isa ta cinye ringin da aka sa jiya. Sabuwar matata, da bututun da ke jawo iska daga gaban mota maimakon ta kusa da inji mai zafi, sun fi. Haka salansa: samari suna son ƙaton bututu mai ruri, amma bututun da ya yi faɗi yana rage saurin hayaƙi, motar ta rasa ja a ƙaramin gudu, inda mai lodi yake rayuwa.

A nan ne ma gwanin ƙasar Maska ya rabu da masu gyaran motar tsere na Turai da Japan. Ƙarfin doki, ma'aunin da James Watt ya bari, ƙarfin murɗawa ne a ninka shi da saurin juyawa. Mai tsere yana samun dawakinsa ne a juyi 6,000 zuwa sama a minti, da kamshaf mai daɗe wa bawul a buɗe. Golf mai buhu goma kuwa tsakanin 2,000 da 3,500 take wuni. Sa mata kamshaf na tsere, a takarda ta ƙaru, a hawa ta mutu, ta kuma ƙi tsayuwa a sulo. Idan mai mota ya nace lallai sai ƙarfi mai yawa, hanyar gaskiya ita ce a sauke injin a ɗora 2E, mai lita biyu da doki 115, wanda Golf GTI ta uku take da shi, tare da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa. Kuma bakanike mai tsoron Allah zai gaya masa a duba birki da kuloci a rana ɗaya.

Akwai al'adu biyu da suka zama ruwan dare, waɗanda a ganina su ke raba gwani da ɗan koyo. Ta farko cire injekta a mayar da mota kafireto. Na san dalilin: kafireto kowa ya iya kwance shi a gindin bishiya, na'urar lantarki kuwa sai mai ma'auni. Amma baya ake komawa. Golf GTI ta farko a 1976 ta ba da doki 110 daga inji mai lita 1.6 da tsarin feshin mai na Bosch, alhali 'yar'uwarta mai kafireto tana 75, kodayake ba feshin kaɗai ya kawo bambancin ba. Injekta mai lafiya tana auna hayaƙi tana gyara haɗin mai da iska a kowane lokaci, abin da jet ɗin kafireto ba zai iya ba. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce na'urar jin zafin ruwa ba, ko waya guda da ta ci tsatsa. Ta biyu cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin nan an yi shi ne ya yi aiki ruwansa na wajen digiri 90. In aka hana shi kai wa nan, ƙwaƙwalwar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara mai, man ya wanke jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai. Direban da ke kukan shan mai sau da yawa shi ya biya aka cire masa. Gwani wanke lagireto yake yi, ya sauya murfinsa, ya mayar da tamostat, ya jure musun da za a yi masa. Shaidarsa fulogi ne: bayan tafiya a ciro shi, in bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa haɗi ya yi daidai, in ya yi baƙi mai ya yi yawa, in ya yi fari fat mai ya yi kaɗan kuma bawul na cikin haɗari.

Sabon babin shi ne gas. Tun 2023 gwamnatin tarayya take tura shirin mayar da motocin haya su koma CNG, ga kuma bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ga bakanike, gas wani irin mai ne da halinsa daban. Yana jure matsi fiye da kowane fetur, don haka ƙis-ƙis ba ta cika damunsa ba. Amma da yake shi ma iska ne, yana cin wurin iskar da inji zai shaƙa, motar ta rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinta, kuma yana son a ƙara gabatar da wuta. Duk abin da aka koya a kan matsi da saiti yana da amfani a nan, har ya fi. Inda ba a yarda da dabara ba shi ne tukunyar, domin gas ɗin a matse yake har bar 200. A birnin Benin, cikin Oktoban 2024, wata mota mai tukunyar da aka haɗa da walda ta tarwatse a wurin shan gas. Ga kuma nauyin tukunyar da wurin da take ci a but, wanda ga mai ɗaukar buhu ba ƙaramin lissafi ba ne.

Idan an gama aiki, ba a yarda da "na ji ta sauya" ba. Za a cika tanki har wuya a famfo guda, a rubuta lambar mita, a je Zariya a dawo da irin lodin da aka saba, a sake cikawa a famfon nan, a raba kilomita da lita. In an sa sababbin ringi kuma akwai sharaɗi: kilomita dubun farko ba cikakken lodi, ba dogon gudu, sannan a juye baƙin mai. Nan ake yin rigima ta ƙarshe, domin yawanci ana gab da kaka ake kawo aikin, lokacin da kowane sawu kuɗi ne. Direba zai ce, "Haba Oga, buhu takwas fa kawai." Oga ya ce, "Huɗu, Alhaji. In ka sa takwas, kada ka dawo mini da ita."